Zazzaɓin Dare Da Kuɗin Mashin: Jawabi A Ranar Ƙungiya

Hajiya shugaba, iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu, da mazajenmu da suka daure suka zauna can baya, sannunku da zuwa.

An ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu yi magana a kan abin da karatu ya ƙara mamu. Da muka zauna shawara, wasu suka ce lissafin adashi, wasu suka ce karanta saƙon waya. Daga ƙarshe muka tsaya a kan rashin lafiyar yara, don babu abin da ke cinye jarin mace a Dabawa kamarsa. Duk wadda ta taɓa sayar da akuyar kiwonta da damina ta san abin da muke faɗi.

A rediyo muna jin masu hali a birni suna cewa "likitan gidanmu", wato wanda ya san uwa, ya san yaro tun haihuwa. Mu namu likitan gida shi ne malamin asibitin sha-ka-tafi da ke kusa da mu, da malamar awo. Da yawansu ba likitoci ba ne a takarda, jami'an lafiya ne, amma likita muke ce masu. Abin da muka lura shi ne, matar da ta riƙe asibiti ɗaya, take zuwa da kati, ta fi samun biyan buƙata a kan wadda yau tana kemis, gobe wajen mai tallar magani a kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma, jibi wajen wanzami. Wanda ya saba ganin yaro, kallo ɗaya zai yi mashi ya ce ya rame. Baƙon ido ba ya gane haka.

Korafi kam akwai shi. An sha yi mamu tsawa a layi. An sha rubuta mamu magani a ce mu saya waje. Akwai ranar da za ki je ki tarar da ƙofa a rufe. Duk da haka mun ga bambanci tun da muka fara karatu. Da, in an ce "yaushe ya fara?" sai mu ce "ya kwana biyu", alhali kwana biyun Bahaushe yana iya zama sati. Yanzu muna rubuta ranar da zazzaɓi ya fara, sau nawa ya yi zawo, da sunan abin da muka ba shi. Malami in ya ga takarda a hannunki, har zamansa sai ya gyara.

Zazzaɓin cizon sauro shi ne babban abokin gabarmu, musamman daga Yuli zuwa Oktoba. Amma ba kowane zafin jiki ne maleriya ba. Akwai gwajin da ake tsaga ɗan yatsa a ɗiga jini, cikin minti 15 zuwa 20 ya nuna. Ki nemi a yi shi. In ya tabbata, maganin da ake bayarwa na kwana ukku ne, safe da yamma, sau shida ke nan. Inda muke faɗuwa shi ne rana ta biyu: yaro ya tashi yana wasa, sai a ɓoye ragowar don ƙanensa. Ciwon bai mutu ba, kwanciya ya yi. Haka nan maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5. Masu rabo suna ba da na ranar farko a gabansu, na kwana biyun da suka rage a hannunmu yake. In ya ƙare a ƙarƙashin katifa, ba laifin gwamnati ba ne.

Bari mu daɗe kaɗan a kan haƙora, don nan ne muke yawan rasa yara muna kallo. Yaro na zawo, na amai, maɗigarsa ta faɗa, kaka ta ce haƙori ne, a bari ya fito. Iyayenmu, da girmanku muke faɗa: haƙori yana sa ƙaiƙayin dasashi da dalala da rigima, amma ba ya sa zawon da ke zuƙe yaro. Lokacin fitar haƙori shi ne lokacin rarrafe, lokacin da komai ya tsinta sai baki, shi ya sa abin ke haɗuwa. Faɗawar maɗiga kuwa alama ce ruwan jikinsa ya ƙare. Maganinsa ORS, wato ruwan gishiri da sukari na leda, da ƙwayar zinc kullum har kwana 10 ko da zawon ya tsaya, kuma a ci gaba da ba shi nono. Ki karanta jikin ledar: in an rubuta lita ɗaya, fiya wata biyu ke nan. A nan karatu ke ceton rai, don in ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi mashi yawa.

Su kuma kwalaben "maganin haƙori", mu tuna 2008. A wancan lokacin wani mai suna My Pikin ya kashe yara sama da 80 a Najeriya, har da waɗanda aka kwantar a asibitin koyarwa na Zariya, saboda gubar da ke cikinsa ta lalata masu ƙoda. NAFDAC ta rufe kamfanin. Iyayen yaran nan sauƙi suka je saya.

Katin rigakafi ma yanzu mun iya karanta shi: ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, wata 9, sai wata 15 a maimaita ta ƙyanda. Yawancinmu muna zuwa na farko, daga nan sai a ce allurar ta sa shi zazzaɓi, maigida ya hana. Zafin jikin kwana ɗaya ne. Mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina a 2023, rigakafinsa yana cikin alluran sati 6, 10 da 14 ɗin nan. Mazajenmu na baya, wannan taku ce.

Akwai wata magana mai ɗaci da ta shafe mu 'yan kasuwa. Abincin tamowa na leda, mai gyaɗa ɗin nan, magani ne da ake auna wa yaro gwargwadon nauyinsa. Amma ana ganinsa a faranti ana sayarwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu da tamowa a cibiyoyinta na jihar Katsina cikin wata shida na farkon 2025. Mun san talauci ne ke sa uwa ta sayar, ba mugunta ba. To amma muna roƙon a sa shi cikin dokar ƙungiya: babu 'yar ƙungiyar da za ta saye shi ko ta kasa shi a teburinta.

Abin da ba a jira da shi sai gari ya waye kuwa: yaro yana jijjiga, ko ya ƙi nono sam, ko komai ya sha sai ya amayar, ko haƙarƙarinsa na lotsawa in yana numfashi, ko an tashe shi ya ƙi farkawa. Jariri ɗan ƙasa da wata biyu ma, zafin jiki kawai ya isa dalili. Kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu suke ciki da dare tsakanin nan da Dutsin-Ma da Kurfi. Ɗan acaɓa ba ya son fita bayan isha'i, in ya yarda kuɗin ya ninka. Don haka yaron da ya wuni ba daidai ba, a kai shi da la'asar ido na ganin ido. Sau da yawa ba rashin sani ke hana mu ba. Maigida yana gona ko ya tafi ci-rani, babu izini, babu kuɗin mashin.

Shawararmu biyu ce. Kowace ta nemi izinin asibiti wajen maigidanta tun yaro yana lafiya, izini na dindindin. Sannan a ware naira 200 daga zubin kowace mace duk sati, a ajiye wajen ma'aji daban da kuɗin rance, wadda yaronta ya kwanta ta karɓi kuɗin mota zuwa Babban Asibitin Dutsin-Ma ba tare da jiran taro ba, ta biya bayan ta samu. Hajiya shugaba ta amince a kaɗa ƙuri'a a kai a zaman wata mai zuwa. Wadda ke so a karanta mata katin ɗanta, mu 'yan aji muna bakin ƙofa bayan an ci abinci.