Wa Ke Tace Littafi, Kamfani Ko Mai Karatu?

Yau zancenmu kan marubuta ne. Sau da yawa matashi kan gama littafinsa, ya tara ɗan kuɗinsa zai kai maɗaba'a, sai a ce masa abin da kamfani bai buga ba shara ne. To, haka ne?

Mu leƙa Zariya. A 1933 aka shirya gasar ƙagaggun labarai ƙarƙashin Rupert East. Daga nan muka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. An tace su, an gyara Hausarsu, har yau ana karanta su a makarantu. Wannan aikin edita ne, ba mai musu. Amma ku lura, littattafai biyar da aka fitar duk maza ne suka rubuta.

A shekarun 1980 tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare, takarda ta yi tsada, kamfanoni irin su NNPC suka ja baya. Sai marubuta a Kano suka shiga buga nasu da kansu. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo da In Da So Da Ƙauna. Masana irin su Ibrahim Malumfashi suka kira su adabin kasuwar Kano, Abdalla Uba Adamu kuwa ya kare su. Gaskiya akwai tarkace a ciki: kuskuren rubutu, labari ɗaya ana ta maimaitawa. Amma ta wannan ƙofar ce mata suka fito suka yi maganar auren dole da kishiya da karatun 'ya mace. Littafin Balaraba ɗin nan ma, a 2012 wani kamfani a Indiya ya buga shi da Ingilishi.

Mu nan Chadi mun san wannan ciwo. Joseph Brahim Seïd sai da ya kai littafinsa Paris a 1962, yau ma Nimrod a Faransa ake buga nasa. Wanda ya rubuta da Hausa ko Larabcin Chadi, wane kamfani zai jira?

Saboda haka, ɗan'uwa, 'yar'uwa, rariyar ba tambarin kamfani ba ce, idon da ya duba aikin ne kafin a buga. In za ka buga da kanka, buga. Amma kafin nan ba malamin da ya san ƙa'idar rubutu ya gyara, ba wanda ba ya jin nauyinka ya karanta, ka kuma jure abin da zai faɗa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.