Guzurin Tsufa Tun Da Sauran Ƙarfi

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayye da ƙanne, da mazajenmu da suka bar mu muka fito, barkanmu da ganin zagayowar wannan rana. An ce mu 'yan ajin yaƙi da jahilci mu tofa albarkacin bakinmu. To, ga abin da muka tattauna a aji, muka rubuta da hannunmu.

Ma'aikacin gwamnati in ya kai shekara 60 da haihuwa, ko ya yi 35 yana aiki, sai ya ajiye a ba shi fansho. Mu fa? Mu masu awo, masu kifi, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, ritayarmu ita ce ranar da gwiwa ta ƙi kai mu kasuwa. Duk mun san wata uwa tamu da ta shekara talatin tana sana'a, ta aurar da 'ya'ya, ta yi wa kowa gudummawar biki, yau kuɗin maganin hawan jini sai ta aika a roƙo mata. Ba lalaci ta yi ba wallahi. Kowa ta yi wa tanadi, ta manta da kanta.

Da muka zauna, kowa sai ta ɗauko babban buri, wannan gida, waccan Makka. Allah Ya nufe mu. Amma burin da ya fi ƙarfin aljihu, wata biyu ake yi a watsar. Shi ya sa muka tsaya a kan abu uku.

Na farko, mu raba uwar kuɗi da riba, mu rubuta a littafi kullum da yamma. Daga ribar mu cire ɗaya bisa goma mu jefa asusu. Ranar da aka ci ribar Naira 2,000 a cire 200, ranar da aka ci 500 a cire 50, ranar da kasuwa ta ƙi a gode wa Allah a kwanta. Naira 200 kullum, a shekara 73,000 ke nan. Da yayyafi kogi kan cika.

Na biyu, kada mu tara komai wuri ɗaya. Mu da ke zaune kusa da kogin Haɗeja mun ga ambaliyar 2020 da ta 2022, yadda ruwa ya ci shinkafa a gona, ya jiƙa buhunan da aka jibge a ɗaki. A farkon 2023 kuma canjin kuɗi ya zo, mai kuɗi a banki ta rasa na cefane a hannu. Aka cire tallafin mai a watan Mayu na shekarar, kuɗin asusu suka rage daraja muna kallo. Saboda haka in an kwashi adashi a raba uku: tunkiya ko akuya ta kiwo, buhun riɗi ko zoɓo da kaka a ɗora kan dakali, saura a bar shi a ƙungiya. Akwai ma tsarin fansho na masu sana'ar hannu da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2019, inda wani kashi na abin da kika zuba ake iya cira in buƙata ta taso, saura ya jira tsufa. Mai sha'awa ta tambaya, ta fahimta, kafin ta sa hannu.

Na uku, jikinmu da iliminmu. Awon jini sau ɗaya a wata. Kowa ta iya karanta saƙon kuɗi a wayarta, ba sai ta miƙa wa yaro ba. Mu ma a da dangwale muke yi, yau ga mu muna karanta muku takarda. Sannan kowa ta koya wa 'ya ko ƙanwa sana'arta, don ranar da muka zauna a gida rumfa ta ci gaba da buɗewa.

Wannan tsari ba aya ba ce, ana gyara shi. Sau biyu a shekara, bayan girbi da bayan Babbar Sallah, mu buɗe littafi mu duba. In rashin lafiya ta zo an fasa asusu, ai dama don haka aka tara, sai a sayi sabo a sake farawa. Wadda ta yi wata uku ba ta zuba ba, kada kunya ta hana ta zuwa taro, kada kuma mu yi mata gori.

Roƙonmu ɗaya ne, 'yan'uwa. Kafin taron wata mai zuwa kowa ta rubuto layi uku: abin da za ta cire kullum, abin da za ta saya in ta kwashi adashi, da wadda za ta koya wa sana'a. Wadda ba ta iya rubutu ba ta neme mu, mu rubuta tare, daga nan kuma mu wuce da ita aji.

Allah Ya ba mu tsufa mai albarka, Ya rufa mana asiri, Ya sa mu gama da duniya lafiya.