Injin Haɗa Abincin Dabbobi: A Kula Da Abin Da Ake Zuba Mishi



Ƙungiyoyi da dama sun samu injin niƙa kara, wasu kuma suna neman na gauraya dussa da tunkuza. Abu ne mai kyau. Karan hatsin da shanu ke tattakewa su bari, in an niƙe shi an haɗa da dussa da ƴaƴan gawo, ƙaf suke cinye shi. Cibiyar bincike ta INRAN ma ta koyar da yadda ake cura wannan haɗi, a shanya, a aje don bazara.

To amma ku ji labarin waɗanda sunka riga mu nisa da inji. A Turai da Amurka akwai masana'antun abincin karnuka da kyanwowi. Can kwamfuta ce ke auna kayan haɗi, inji ya niƙa, ya gauraya, ya dafa da tururi, ya busar, ya ɗura a buhu. Duk da haka, daga ƙarshen 2020 zuwa farkon 2021, karnuka fiye da 100 sun mutu a Amurka, don masara mai hunhuna ta shiga haɗi. Gubar hunhunar ana ce mata aflatoksin. Ita ce kuma ta kashe talo-talo wajen 100.000 a Ingila a 1960, ta hanyar tunkuzar gujiya.

Kun gani ke nan, inji bai rarrabe mai kyau da ruɓaɓɓe. Kuskuren hannu gida guda yake tsayawa, na inji kuwa sai ya game garkunan gari duka. Don haka ku riƙe abu biyar:

1. Tunkuza, masara ko harawar da ta yi hunhuna ko warin ruma, kada ta shiga inji, ko kyauta ce.

2. Ku tsince ƙusa, waya da leda kafin niƙa, ku ɗaura mayen ƙarfe a bakin injin. Ƙusa kan huda tumbin saniya har ta taɓa zuciya.

3. Takin ure, a ma'auni ake auna shi, ba da tiya ba. A narkar da shi cikin ruwa kafin gaurayawa. A dunƙulen lasa kada ya wuce kilo 10 cikin 100. Ba a ba jaki, doki, kaji, ko ɗan da ba a yaye ba.

4. Haɗi ya bushe sarai kafin ɗuri. A jera buhuna bisa itace, ba a ƙasa ba.

5. A rubuta ranar haɗi a kan kowane buhu, mutum guda ya riƙe littahin awo. In wani abu ya taso, mun san buhunan da za mu janye.

In kunka ga dabba na dalala, makyarkyata ko kumburin ciki bayan ta ci sabon haɗi, ku tsaida bayarwa nan take, ku aiko ma'aikatar kiwo mafi kusa, ku aje muna buhun mu duba.

Allah ya ƙara albarka ga garke.