Tankaɗe da Rairaya a Ƙofar Akwatin Imel



Abin da aka ɗora mini in yi magana a kansa yau shi ne tarkacen wasiƙun nan da ke cika mana akwatin imel, da kuma kamfanoni da manhajojin waje waɗanda ake dogara da su wajen tace su. Turawa suna kiran wannan tarkace spam, wato duk wasiƙar da aka watsa wa jama'a masu yawa ba tare da sun nema ba, ko talla ce, ko damfara, ko tarkon satar kalmar sirri. Abin da nake son in tabbatar muku shi ne ba makawa sai mun ɗauki mai gadi, amma kuma wajibi ne wanda ya ɗauki mai gadi ya san halinsa.

Wannan masifa ta girme mu. A ranar 3 ga Mayu, 1978, Gary Thuerk, wani ma'aikacin kamfanin Digital Equipment Corporation a Amurka, ya aika wa mutane kusan 400 tallan kwamfuta ta ARPANET, wadda ita ce kakar intanet. Dalilin da ya sa abin ya haɓaka bayan nan a fili yake. Mai aika wasiƙar takarda sai ya sayi ambulan da kan sarki, amma mai aika imel miliyan guda kusan ba ya kashe komai, don haka ko mutum ɗaya ya faɗa tarkonsa ya ci riba. Amurka ta yi dokar CAN-SPAM a 2003, kuma a 2004 Bill Gates ya yi hasashen cewa cikin shekara biyu za a gama da matsalar. Har yau ba a gama ba.

To, me ya sa ake neman taimako daga waje? Saboda mai akwati ɗaya abin da ya shigo akwatinsa kaɗai yake gani. Wanda kuwa yake gadin akwatuna miliyoyi, da zarar wasiƙa iri ɗaya ta faɗo wa mutum dubu a lokaci guda, ya gane ta, ya tare ta kafin ta kai ga sauran. Irin wannan taimako ya kasu kashi uku.

Na farko shi ne baƙin kundi, wato jerin adireshin kwamfutocin da aka sani da watsa tarkace. Paul Vixie na cikin waɗanda suka soma wannan dabara wajen 1997, sannan Steve Linford ya kafa ƙungiyar Spamhaus a 1998. Kafin kwamfutar da ke karɓar wasiƙu ta buɗe ƙofa, sai ta tambayi kundin ko adireshin mai aikowa yana ciki. In yana ciki, ta mayar da shi tun daga zaure.

Na biyu shi ne duba cikin wasiƙar kanta. Manhajar SpamAssassin, wadda Justin Mason ya fitar a 2001, tana ba kowace alamar zargi maki, kuma bisa tsarinta na asali wasiƙar da ta kai maki biyar an ɗauke ta tarkace. A 2002 Paul Graham ya yaɗa wata dabara da ta dogara da lissafin Thomas Bayes, wani limamin Kirista na Ingila da ya rasu a 1761. A nan rariya ce ke koyo da kanta: tana ƙirga sau nawa kalma ta fito a wasiƙun banza, sau nawa a na kirki, ta auna sabuwar wasiƙa da wannan ma'auni.

Na uku shi ne a miƙa wa kamfani aikin dungum. Ma'aikata ko jami'a sai ta canza alamar adireshinta, ta yadda duk wasiƙunta za su fara biyawa ta kwamfutocin kamfanin, a tankaɗe, a rairaye, sannan a turo mata garin. Google ya sayi irin wannan kamfani, Postini, a 2007 a kan dala miliyan 625. A 2023 kuma ya bayyana cewa Gmail na tare wasiƙun banza kusan biliyan 15 kowace rana.

Jama'a, wannan aiki ne babba, amma yana da illoli uku. Illa ta farko ita ce rariya tana kuskure. In tarkace ya wuce, ɓacin rai ne na minti ɗaya. In kuwa wasiƙar gaske ce aka tare, alal misali takardar samun gurbin karatu ko kiran ganawa don aiki, sai wa'adi ya wuce mai ita bai ma san an aiko ba. Illa ta biyu ita ce wake ɗaya ke ɓata gari. Baƙin kundi yakan haɗa adireshi masu yawa saboda laifin kaɗan. Mu 'yan Nijeriya abin ya shafe mu, domin damfarar nan ta 419, wadda ta samo sunanta daga sashe na 419 na kundin dokokin laifuffukan ƙasarmu, ta sa rariyoyi sun koyi zargin irin kalmomin da 'yan damfara ke amfani da su, har ɗalibi mai gaskiya da ke neman tallafin karatu wasiƙarsa na iya kama da tasu. Illa ta uku ita ce iko. Mai tace wasiƙa dole ya duba ta, kuma shi ke yanke hukunci. Wani kamfani mai suna e360 ya kai Spamhaus ƙara a Amurka, aka yanke masa diyyar dala miliyan 11.7 a 2006, amma kotun ɗaukaka ƙara ta mayar da ita dala 3 a 2011. Wannan shari'a ta nuna yadda jayayya kan wa ke da ikon rufe wa wani ƙofa take da zafi.

Saboda haka ga shawarata. Kowa ya riƙa leƙa akwatin tarkacensa aƙalla sau ɗaya a mako, domin Gmail yana share abin da ya kwana 30 a can. In ka tsinci wasiƙar kirki, ka nuna wa rariya cewa ba tarkace ba ce, da haka take koyo. Ka sa adireshin makarantar da kake jiran amsarta cikin jerin abokan hulɗarka. Kada ka amsa wasiƙar banza, domin amsarka shaida ce cewa akwai mutum a gidan. Shugabannin ƙungiyoyinmu kuwa, kada su aika wa kowa sanarwa sai wanda ya yarda, kuma kafin a ɗauki kamfanin tacewa a tambaye shi wa ke ganin wasiƙun, kwana nawa yake ajiye waɗanda ya tare, kuma ta wace hanya ake ƙwato wadda aka tare bisa kuskure.