Jawabi ga Dattawa da Ƴan Ci-rani: Mu Raya Gawo

Iyayenmu dattawan Magariya da Dungas, da ƴan'uwa ƴan ci-rani.

Mun ga farin 1973 da na 1984, mun ga cutar gujiya ta 1975. Furojen 3M ya kawo takin zamani da garmar shanu, wa'adinsa ya cika, ya tafi. Gawon da manoma suka raya kuwa yana nan. Yakan zubar da ganye da damina, hatsi ya samu taki da rana. Da rani bisashe su ci ƴaƴansa.

A 2015 aka buɗe ProDAF da kuɗin FIDA, ya ƙarfafa sassaben zamani. Amma mai yunwa gatari yake ɗauka. Don haka ƴan ci-rani, ku aiko da kuɗi kafin rumbu ya ƙare. Dattawa, ku tsawata wa masu sara.

Allah ya ba mu damina mai albarka.