Ruwa da Harawa: Tsare Ƙananan Dawaki daga Ciwon Ciki a Lokacin Hunturu



Duk shekara, da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa, sai kiran likitan dabbobi ya yawaita, kuma ƙorafin guda ne: doki ya ƙi cin abinci, yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana birgima. Ciwon ciki ke nan, kuma yana cikin manyan abubuwan da ke kashe doki a ko'ina a duniya. Abin da nake so mu tafi gida da shi yau shi ne, galibin wanda muke gani a wannan lokaci daga turke yake farawa, daga abin da muka zuba a kwami da ruwan da dokin bai sha ba.

Allah ya halicci doki da ƙaramin tumbi, wanda bai wuce lita 8 zuwa 15 ba, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga, sai dai ya bi ƙaramin hanji mai tsawon kusan mita 20, ya faɗa babban hanji. A cikin babban hanjin akwai wata kwana inda hanyar ke tsukewa, kuma a nan busasshen abinci ya fi cushewa. Da damina ɗanyar ciyawa kusan kashi 80 cikin ɗari ruwa ce, don haka doki yana ci yana sha a lokaci guda. Da kaka ta wuce muka koma harawa da kara da dusa, ruwan da ke cikinsu bai wuce kashi 15 ba. A daidai wannan lokaci ne kuma ruwan da ya kwana a duro yake yin sanyi ƙarara, doki ya tsoma baki ya janye. Abinci ya bushe, sha ya ragu, hanji ya cushe.

A shekarar 1994 masu bincike a Jami'ar Fensilbeniya ta Amurka sun gwada wannan a lokacin sanyi, suka tarar dawakin da aka ba ruwa mai ɗumi sun sha kusan kashi 40 cikin ɗari fiye da lokacin da aka ba su mai tsananin sanyi. Sanyinmu bai kai nasu ba, amma darasin ya shafe mu. Da asuba a surka ruwan da ɗan ruwan zafi. A daina shayarwa sau biyu a rana kawai. A bar bokiti a gabansa dare da rana, a kuma wanke shi, domin ƙurar hunturu tana ɓata ruwa. A auna: doki yana bukatar aƙalla lita 5 a kan kowane kilo 100 na nauyinsa a rana. Ɗan doki mai kilo 200, lita 10 ke nan, kuma ya fi haka in yana aiki. Gishiri yana jawo ƙishirwa, shi ya sa iyayenmu ba su raba barga da kantun gishirin Bilma ba. Cokali ɗaya a cikin jiƙaƙƙiyar dusa ya wadatar.

Sai abinci. Mun san ɗokin mai doki idan hawan Sallah ya matso: yana so a ga dokinsa ya yi ɓul-ɓul, sai ya cika masa kwami da gero ko dawa. Hatsi mai yawa a zama ɗaya yana wucewa babban hanji bai narke ba, ya ruɓe, ya tara iska. Ciyawa da harawa su ne tushen abinci, kimanin kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki a rana. Hatsi kuwa a raba shi kashi uku ko huɗu. Duk sauyin abinci a yi shi sannu a hankali, cikin mako ɗaya zuwa biyu. Kada a zuba harawa a kan rairayi, domin yashin da ya haɗiya taruwa yake yi a hanji. Harawar da ta yi fumfuna a zubar.

Ɗan dukushi yana da nasa haɗarin na daban. Akwai wata farar tsutsar ciki mai kauri da ke addabar 'yan ƙasa da shekara biyu. Idan aka bari ta yi yawa sannan aka ɗirka masa magani mai ƙarfi, matattun tsutsotsin kan toshe hanji. A fara maganin tun yana wata 2 zuwa 3, bisa shawarar likita. Kada kuma a haɗa masa yaye da sauyin abinci a mako guda. Daga shekara biyu da rabi yana famfara, tauna tana yi masa wuya, don haka a riƙa duba bakinsa.

Yaron barga shi ne likita na farko. Kowace safiya ya dubi kashin dokin: idan ya ragu, ya zama ƙanana busassu masu tauri, ciwo yana hanya. In alamun sun bayyana, a ɗauke abinci, a bar ruwa, a zagaya da shi a hankali, a kira likita nan take. Ina roƙonku da babbar murya, kada a ɗaga kansa a ɗura masa mai ko jiƙo, domin yana iya bi ta huhu ya kashe shi.

Doki amana ne, kuma ba ya iya faɗin ƙishirwarsa. Kowane mai barga a nan ya tambayi yaronsa yau da daddare bokiti nawa dokinsa ya sha. Allah ya tsare mana dabbobinmu, ya sa mu ga damina lafiya.