Man Tsaftace Hannu: Aikinsa da Iyakarsa a Asibiti, Kasuwa da Gona

Man tsaftace hannu, wanda bakin mutane ya fi sabawa da kiransa sanitaiza, haɗi ne na abubuwa kaɗan: alkohol, ruwa, giliserin, da wani sinadari mai sa shi kauri don kada ya tsiyaye ta tsakanin yatsu. Alkohol ɗin shi ne mai aikin, sauran 'yan rakiya ne. Idan ya taɓa ƙwayar cuta yakan daskarar da furotin ɗin jikinta, kamar yadda farin ƙwai ke sandarewa a cikin mai mai zafi, ya kuma narkar da rigar kitsen da wasu ƙwayoyin ke lulluɓe da ita. Ƙwayoyin Korona da Ebola da zazzaɓin Lassa duk masu wannan riga ne, shi ya sa ba sa jure masa.

Ƙarfinsa na da ƙa'ida. Wanda alkohol ɗinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari ba, ba abin dogaro ba ne. Wanda kuma ya zama zalla, babu ɗigon ruwa, shi ma ya gaza, domin yana bin iska kafin ya gama aiki, kuma furotin ba ya lalacewa sosai sai da ruwa. Wannan ya isa amsa ga mai tunanin burkutu zai iya tsayawa a madadinsa: alkohol ɗin da ke cikin burkutu bai kai ko kashi 10 ba.

Tarihin al'amarin ya faro ne daga ɗakin haihuwa. A shekarar 1847, a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, likita Ignaz Semmelweis ya lura cewa masu jego sun fi mutuwa a sashen da ɗaliban likitanci ke karɓar haihuwa bayan sun fito daga ɗakin fiɗar gawa. Ya tilasta musu wanke hannu da ruwan kilorin, mace-macen suka faɗi warwas. Abokan aikinsa ba su gode masa ba, kuma ya rasu a 1865 ba tare da an karɓi maganarsa ba.

Bayan kusan shekara 150 matsalar ta sake salo. Kowane ma'aikacin lafiya ya san amfanin wanke hannu, amma lokaci ba ya ba shi dama. Lissafin a fili yake: nas ɗin da ke sashen kulawa ta musamman na iya buƙatar tsaftace hannu sau 20 a awa guda. Idan kowane zuwa famfo da dawowa zai ci minti ɗaya, sulusin lokacin aikinta ya tafi a bakin famfo. A asibitin jami'ar Janiba da ke Suwizalan, Farfesa Didier Pittet da masanin haɗa magunguna William Griffiths suka sa kwalabar alkohol a aljihun kowane ma'aikaci da kusa da kowane gado. Sakamakon da aka wallafa a 2000 ya nuna kiyaye tsaftar hannu ya tashi daga kashi 48 zuwa 66, cututtukan da majinyata ke kwasa a asibiti kuma suka sauko daga kusan kashi 17 zuwa kusan 10. A kan wannan Hukumar Lafiya ta Duniya ta gina ƙa'idojinta na 2009, da lokuta biyar na tsaftace hannu: kafin taɓa majinyaci, kafin aiki mai buƙatar tsafta kamar allura ko wankin ciwo, bayan taɓa jini ko wani ruwan jiki, bayan taɓa majinyaci, da bayan taɓa gadonsa ko kayan da ke kewaye da shi.

Idan a Janiba nisan famfo ne damuwa, a ƙasar Zuru ta jihar Kebbi sau da yawa famfon ne babu. A ƙaramin asibitin ƙauye a Fakai, Sakaba ko Danko-Wasagu, ruwan aikin yini na iya zama jarka biyu da aka ɗebo daga rijiya ko burtsatse da safe, ga bokiti da moɗa a bakin ƙofa, ga tsumma ɗaya da kowa ke goge hannu da shi. Tsumman nan kan mayar wa hannu abin da sabulu ya cire. A irin wannan wuri kwalabar sanitaiza a teburin mai yi wa yara rigakafi ba ado ba ce.

Yawancin 'yan Najeriya sun fara ganinsa a ƙofar banki da makaranta ne a 2014, bayan Patrick Sawyer ya shigo Legas da Ebola ranar 20 ga Yuli, shekarar da jita-jitar wanka da ruwan gishiri ta tashi mutane da tsakar dare. Sanitaiza ya dawo da ƙarfi bayan 27 ga Fabrairu 2020, ranar da aka tabbatar da Korona a ƙasar. Duk lokacin da tsoro ya lafa, sai kwalaben su bushe a inda aka rataye su.

Shafa shi ma da yadda ake yi. Ɗigo ɗaya a tsakiyar tafi, a murza sau biyu a goge a riga, wannan ɓarnar kuɗi ce. Ana zuba abin da zai jiƙe hannu biyu gaba da baya, a bi tsakanin yatsu, a murɗa babban yatsa, a goga kan yatsu a tafi, har ya bushe da kansa cikin daƙiƙa 20 zuwa 30. Babban yatsa da bakin farce su aka fi mantawa, alhali su suka fi taɓa abinci da ido.

Iyakarsa ita ce abin da masu talla ba sa faɗi. Alkohol na kashewa, amma ba ya wankewa. Hannun da ya fito daga gona da laka, ko na mahauci da jini da kitse, ko na uwar da ta gama yi wa yaro tsarki, ruwa da sabulu yake buƙata, na daƙiƙa 40 zuwa 60. Manomin da ya yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari ya shafa sanitaiza, gubar na nan daram a fatarsa. Haka kuma sanitaiza ba ya iya wa ƙwan tsutsar ciki da wasu ƙwayoyin gudawa marasa rigar kitse. A annobar kwalara ta 2021, wadda ta kama fiye da mutum dubu 100 a Najeriya, Kebbi na ciki, babbar hanyar cutar gurɓataccen ruwan sha ce, kuma hannu mai ƙamshin sanitaiza ba ya gyara ruwan randa.

Akwai tambayar addini, kuma a gari irin Zuru, inda Musulmi da Kirista da masu bin al'ada ke cin kasuwa ɗaya, ba a tsallake ta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a Janairun 2002, ta halatta amfani da alkohol a bayan fata don tsaftace rauni da kashe ƙwayoyin cuta. Asibitocin Saudiyya da shi suke aiki.

Haɗarin gaske a jabu yake. Masu neman riba kan haɗa shi da metanol, wanda ke makantarwa ko kisa idan an sha, kamar yadda ya faru da masu shan ogogoro a Ondo da Ribas a 2015. Kwalabar da ba ta da lambar NAFDAC, ba ta faɗi kashin alkohol ba, ba ta da ranar lalacewa, a bar wa mai ita. Na gasken ma yana kama wuta, don haka ba a kusantar murhu ko risho sai hannu ya bushe, ba a barinsa a buɗe ko a cikin mota da zafin bazara, ba a kuma ajiye shi inda yaro zai kai.

Ba dole sai an sayo daga waje ba. Ana samun etanol daga rake, rogo ko dawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ma'aunin da sashen magunguna na babban asibiti zai iya bi. Don lita 10, ana zuba mililita 8,333 na etanol mai ƙarfin kashi 96, da 417 na haidirojin feroksaid mai kashi 3, da 145 na giliserin, a cike da tataccen ruwa ko dafaffe da ya huce. Giliserin ɗin ke hana hannu tsagewa, musamman da hunturu. Feroksaid kuwa ba don hannu aka sa shi ba, aikinsa kashe ƙwayoyin da suka maƙale a kwalabar, shi ya sa ake rufe kwalaben a jira awa 72 kafin a raba su ga ɗakunan majinyata.